Yadda na tsinci kaina ina fassara manhajojin kwamfuta zuwa Italiyanci ba tare da ana biyana ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na fara sai zuciyata ta karye in ajiye, yau dai na daure zan rubuta shi yadda yazo min. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka taimake ni Allah Ya san su, waɗanda suka cuce ni ma Ya san su.

A Jos aka haife ni, a nan na tashi. Babanmu ɗan kasuwa ne, yana da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Terminus, kuma gaskiya muna cikin rufin asiri har zuwa watan Fabrairun 2002 da gobara ta cinye kasuwar. Ina firamare lokacin amma ban manta yadda ya dawo gida da safe ya zauna a tabarma bai ce wa kowa komai ba. Tun daga nan bai ƙara miƙewa ba, hawan jini ya kama shi, 'yan shekaru kaɗan Allah Ya karɓi abinsa. Umma ce ta riƙe mu da sana'ar ƙosai da ɗinki, ni da yayata mace da ƙanina. Da ƙyar na gama sakandare, rikicin 2008 ma a kan idonmu aka yi shi, daga nan na yi 'yar difloma ta kwamfuta a wata ƙaramar makaranta na samu aiki a wani shagon buga takardu. Aikina shi ne in buga wa ɗaliban jami'a furojet ɗinsu, da wasiƙun neman aiki da takardun kotu, tun safe har dare. A nan Turancina ya zauna, don duk abin da ka buga da hannunka sai ka karanta shi ko baka so. Ban taɓa tunanin wannan Turancin zai min wani amfani a gaba ba.

Ranar 20 ga watan Mayun 2014 bam ya tashi a Terminus, aka jima kaɗan na biyu ya sake tashi a lokacin da mutane suka taru suna ceton waɗanda na farko ya rutsa da su. Sama da mutum ɗari suka rasu. Ƙanina yana sayar da caja da batiran waya a bakin titi a wajen. Waɗanda suka gan shi sun ce min na farkon bai same shi ba, ya ruga taimako ne. A ɗakin ajiye gawa na gane shi, da rigar da ni na ba shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan nan garin ya fita a raina gaba ɗaya. Duk hanyar da zan bi zuwa shago sai na ratsa ta wajen, in naji an buga ƙofar mota da ƙarfi sai jikina ya hau rawa. Kasuwa ma ta mutu, maigidana ya rage mana kuɗi. Wani abokina da ya tafi Libiya yana ta turo hotuna yana cewa akwai aiki, to a ƙarshen 2015 na yanke shawara. Da na faɗa wa Umma tayi shiru ta daɗe, sannan tace, "Ɗana, na rasa ɗaya a gabana, kai kuma kana so in rasa ka a inda ko kabarinka ba zan sani ba?" Nace Umma kiyi haƙuri, shekara biyu kawai zan yi in haɗa jari in dawo. Ta sa min albarka tana kuka. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe.

Ba zan ja labarin hanya ba don da yawa sun riga sun bada shi. Kano, Damagaram, Agadas. A lokacin gwamnatin Nijar ta riga ta yi dokar hana safarar bakin haure tun watan Mayun 2015 amma ba a fara matsawa sosai ba, motoci na fita kamar yadda aka saba. An loda mu a bayan Hilux, kowa an kafa masa sanda a tsakanin ƙafafu ya riƙe don kar ya faɗo, jarkar ruwa a ɗaure a gefe, direba kuma ya faɗa mana tun farko cewa wanda ya faɗi ba a tsayawa. Mun wuce Dirku muka shiga Libiya, a Sabha aka kai mu gidan bashi, inda za a kira 'yan uwanka a waya ana dukanka suna ji don su turo kuɗi. Yayata ce ta sayar da 'yan kunnenta na aure da keken ɗinkin Umma aka fanshe ni. Na yi aikin gini da wankin mota a Turabulus, wani lokaci a biya ka wani lokaci a nuna maka bindiga, har na gane komawa baya ta hamada ya fi ƙarfina kuma zama ma mutuwa ne. Da bazarar 2016 na hau kwale-kwalen roba daga Sabrata. Wani babban jirgi ya tsince mu bayan robar ta fara sacewa, aka sauke mu a tsibirin Sisili. A wannan shekarar kaɗai mutum sama da 180,000 ne suka shiga Italiya ta teku, 'yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu, waɗanda suka nutse kuma dubbai ne.

Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne abin da ke zuwa bayan ka tsira. Kowa a gida yana ta barka, an ce wane ya shiga Turai, kai kuma kana wani sansani a bayan gari, tsohon otal da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, ba abin da kake yi sai jira. An ɗauki zanen yatsunka, an cike maka takardar neman mafaka, an ce ka jira ranar da kwamiti zai saurare ka. Ana baka abinci da wajen kwana da Yuro biyu da rabi a rana. Ka tashi ka ci taliya ka kwanta, ka tashi ka duba allon sanarwa ko sunanka ya fito. Na ga maza masu ƙarfi waɗanda suka tsallake hamada da teku amma zaman nan ya karya su, wani ya fara magana shi kaɗai, wani ya faɗa shaye-shaye. Wallahi ni kaina akwai lokacin da sai in wuni a gado fuskata na kallon bango, sallah ce kaɗai ke tada ni.

Wata tsohuwa ce, malamar makaranta da tayi ritaya, take zuwa sau biyu a sati tana koya mana Italiyanci kyauta. Yawanci ba sa zuwa ajin, suna cewa su Jamus ko Faransa za su wuce, me za su yi da yaren da ba a jinsa ko'ina sai nan. Ni na shiga ne don in kashe lokaci. Da ta ga ina rubutu da sauri kuma ina tambaya sai ta fara kawo min littattafan yara da tsofaffin jaridu, daga baya ita ta kai ni makarantar manya ta gwamnati da ake kira CPIA, inda baƙi ke koyon yare da yamma har su samu takardar ƙaramar sakandare. Italiyanci yana da daɗin karantawa ga Bahaushe don kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa, kuma suna da namiji da mace a kalmomi kamar mu, wahalarsa tana wajen aikatau da ke canza kama iri-iri. Duk dare sai in zauna a matattakalar bene inda akwai fitila in ta haddace su.

Kwamiti bai amince da buƙatata ba a karon farko. Aka ɗaukaka ƙara, aka sake jira, sai a farkon 2018 kotu ta bani izinin zama na jin ƙai. Samun takardar kuma yana nufin ba da daɗewa ba sai ka bar sansani ka nemi na kanka. Ban da kowa ban da komai, sai na bi wasu 'yan Ghana 'yan zango da muke Hausa da su zuwa yankin Foggia tsinkar tumatir. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san me nake nufi. Kafin asuba ɗan kwangilar da ake kira kaforale zai zo da wata tsohuwar bas da aka cire kujerunta aka sa benci, a cusa ku ciki, ka biya kuɗin mota, ka biya kuɗin ruwa da burodi, sannan ka cika babban akwati mai cin kilo kusan ɗari uku a baka Yuro uku da wani abu. Akwai doka tun 2016 da ta haramta wannan tsarin amma a gona ba ka ganin alamarta. Kwana kuma a bukkokin kwali da leda. A farkon watan Agustan wannan shekarar, cikin kwana uku, haɗarin mota biyu suka kashe ma'aikatan gona goma sha shida a yankin, duk 'yan Afirka, duk suna dawowa daga tsinkar tumatir a irin motar da muke shiga kullum. Na bi jerin gwanon da aka yi zuwa cikin garin Foggia da jajayen huluna, kuma a ranar na ƙudurta a raina cewa kaka na ƙarewa zan bar wajen ko da zan kwana a tashar jirgi.

Sai kuma ga wata sabuwa, a watan Oktoba gwamnati ta fito da dokar da ta soke irin izinin da nake da shi, wato in ya ƙare ba sabuntawa sai dai in juya shi zuwa izinin aiki, shi kuma sai da kwantiragi na gaskiya. Na hau arewa, wani gari kusa da Bologna, na kwana a ɗakin mutane a ƙasa, na zaga da takardun neman aiki har Allah Ya sa na samu a wani katafaren sito inda ake loda kaya a manyan motoci. Aikin dare, sanyi, ciwon baya, amma da kwantiragi da takardar albashi. Alhamdulillahi da shi na juya takardata.

Ina cikin wannan fafutukar ne a 2019 Umma ta kwanta. Takarduna suna hannun hukuma ana sabuntawa, in na fita ba tabbas zan iya dawowa, kuɗin jirgi ma babu. Muna magana a waya tana ce min kar in damu da sauƙi. Wata safiya na fito daga aiki na kunna waya naga kiran yayata ya fi a ƙirga. Kafin in kira har an kai ta. Shekara biyun da na yi mata alkawari ta zama ban sake ganinta ba, keken ɗinkinta ma ban samu na mayar mata ba. Na zauna a bencin tashar bas da kayan aiki a jikina, mutane na wucewa ba wanda ya san me ya same ni, ba wanda zai ce min ya haƙuri. A gida in an yi maka rasuwa mutane ne za su cika ƙofar gida kwana da kwanaki, a nan kuwa da daddare na koma na ci gaba da loda kwali.

Daga nan barci ya ƙaurace min. In na rufe ido sai teku, sai ɗakin gawa, sai muryar Umma. Na rame, na daina kiran kowa. Likita ya bani magani ya kuma ce in nemi abin da zai fitar da ni cikin mutane. Ni kuwa ba inda nake zuwa sai masallacin Juma'a da ɗakin karatu na gari, don akwai ɗumi da intanet kyauta. A allon ɗakin karatun ne naga sanarwar wata ƙungiya da ke karɓar tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka zubar, su gyara su saka musu Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta wadda ake samu kyauta, su raba wa makarantu da marasa hali, kuma suna gayyatar kowa taron Linux Day. Wannan taro ne da aka fara tun shekarar 2001, ana yin sa a garuruwan Italiya da dama a rana ɗaya, yanzu Asabar ta huɗu a watan Oktoba. Rabona da taɓa kwamfuta tun Jos. Na tsaya a ƙofar wajen na daɗe ina tunanin ko in juya, don ni kaɗai ne baƙar fata, sai wani dattijo mai farin gemu ya fito ya tambaye ni ko na iya riƙe sukundireba. Nace na iya. Ya miƙo min ya nuna min tebur.

A wajensu na fara fahimtar abin da ake nufi da manhaja mai 'yanci. A shagonmu na Jos duk kwamfutocin da manhajar da aka kwafa ta bayan fage suke aiki, kullum cikin fama da bairos, kuma mun ɗauka haka duniya take, ko ka saya da tsada ko ka sata. Ashe tun 1983 wani Ba'amurke Richard Stallman ya fara aikin GNU a kan cewa manhaja ta zama kowa na da damar amfani da ita, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu, sannan a 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Ga LibreOffice da aka fara a 2010, tana yin duk aikin bugun takardun da na yi shekaru ina yi, halal, ba ko sisi. Har ma'aikatar tsaron Italiya ta fara mayar da dubban kwamfutocinta kanta tun 2015. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da aka ce min menu da saƙonnin da nake gani da Italiyanci a allon, yawancinsu mutane ne 'yan sa kai suka zauna a gidajensu bayan sun tashi aiki suka fassara.

Sun bani wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar ThinkPad da na gyara da hannuna. Ba a daɗe ba korona ta shigo, a watan Maris 2020 aka kulle ƙasar baki ɗaya, makarantu suka koma karatu ta intanet, iyalai da yawa kuma, musamman baƙi irinmu, ba su da kwamfuta a gida. Ƙungiyar ta shiga aiki ba dare ba rana, ni ina gyarawa a ɗakina ana zuwa ana ɗauka a ƙofa. Sai iyaye suka fara kira suna cewa wata 'yar manhaja da muke saka wa yara rabinta Turanci ne ba sa gane inda za su danna. Na faɗa wa dattijon nan, wanda zuwa lokacin Baba nake ce masa kuma ya san ma'anarta yana amsawa. Yace min shi Turancinsa na makaranta ne ya tsufa, ni kuwa na fi duk 'yan ƙungiyar jin Turanci, me zai hana in fassara? Nace Baba ni da na koyi yarenku jiya jiya? Yace kai ka rubuta, akwai masu dubawa, ba wanda ke aikin nan shi kaɗai.

Ya nuna min Weblate, wani dandali ne da wani ɗan ƙasar Czech ya ƙirƙira, inda manhajoji da yawa ke ajiye kalmominsu don a fassara. Ka buɗe asusu, ka zaɓi manhaja, ka zaɓi harshe, sai a jero maka jimlolin ɗaya bayan ɗaya, Turanci a sama, akwatin da ba komai a ƙasa, ga wani layi da ke nuna kashi nawa aka gama. Daren farko na yi jimloli kaɗan ne hannuna na rawa, na tura su a matsayin shawara. Da safe na tarar an amince da mafi yawa, an gyara min wasu, kuma wata mata da ban taɓa gani ba har yau ta rubuta min na gode, barka da zuwa cikinmu. 'Yan uwa na karanta saƙon nan na fashe da kuka. Tun da na shigo ƙasar nan ni lamba ce a takarda, ni ne wanda ake taimaka wa, wanda ake tambaya me ya kawo ka, yaushe za ka koma. A nan ba wanda ya nemi ganin izinin zamana, ba wanda ya tambayi ta ina na shigo, abin da na rubuta kawai aka duba aka ce yana da amfani.

Aikin ba sauƙi ne da shi ba kamar yadda ake zato. Za ka ga jimla da wata alama a ciki kamar %d ko %s, wannan gurbi ne da manhajar za ta cike da lamba ko suna, in ka goge shi ko ka canza harafi ɗaya manhajar na iya tsayawa cak a hannun wani. Jimla ɗaya kuma sai ka rubuta ta sau biyu, ta abu ɗaya da ta abubuwa da yawa, kuma dole ka san abin da zai shiga gurbin namiji ne ko mace don ƙarshen kalmomin ya dace. Ga Italiyanci ya fi Turanci tsawo, abin da Bature ya faɗa da 'yar gajeriyar kalma sai ya zama kalma uku, maɓallin kuma ɗan ƙarami, sai rubutun ya yanke a tsakiya, dole ka saka manhajar a na'urarka ka gani da idonka ka dawo ka rage. Wani lokaci kalma ɗaya tak za a baka ba bayani, ba ka san umarni bace ko suna, sai ka je ka tono inda take a cikin manhajar ko ka tambayi wanda ya rubuta ta, shi kuma yana can Brazil ko Indiya sai gobe zai amsa. Kowace ƙungiya kuma da ƙa'idojinta da kundin kalmominta, wasu suna yi wa mai amfani magana kai tsaye, wasu a kaikaice, dole ka karanta ka bi. Ina dawowa daga sito da asuba in yi sallah in zauna in yi awa ɗaya ko biyu, kuma abin mamaki in na rufe kwamfutar sai barci ya ɗauke ni, barcin da magani ya kasa kawo min.

A hankali na gane akwai abin da nake gani wanda su 'yan ƙasar ba sa gani. Da yawansu masu ilimi ne, sai su zuba Italiyanci irin na takardun ofis, mai nauyi, wanda ni na san matar nan 'yar Maroko ko ɗan Bangladesh da muke aiki tare ba za su gane ba, kai har tsofaffin ƙauye 'yan ƙasar ma. Ni na sha tsayawa gaban na'ura da takarda a hannu ban gane me ake so in yi ba, na san zafin abin. Sai na fara cewa wannan jimlar daidai take amma ga wadda ta fi sauƙi. Wasu lokutan a karɓa wasu lokutan a ƙi, kuma in an ƙi ana faɗa min dalili.

Ba duka ne daɗi ba. A wata manhaja akwai wanda ya ga sunana ya rubuta a fili cewa ya kamata a bar fassarar Italiyanci ga waɗanda aka haifa da yaren, bai nuna jimla ko ɗaya da ya ce ba daidai ba, sunan kawai ya gani. Abin ya soke ni sosai, na rufe kwamfutar na yi kwanaki ban buɗe ba, duk tsohon ciwon ya dawo, ina ce wa kaina ko a nan ma? Da na koma na tarar mai kula da sashen ta amsa masa, tace a nan aiki ake dubawa, in yana da gyara ya kawo jimlar, ta kuma lissafo ayyukan da na yi. Wasu ma suka goyi bayanta. Bayan wasu watanni aka bani damar amincewa da fassarar sababbin shiga a wannan manhajar. Na yi tunanin barin wajen a lokacin, abin da ya tsayar da ni shi ne na tuna yaran da ke amfani da abin ba ruwansu da wannan mutumin.

Yayata kuwa har yau bata gama gamsuwa ba. Ranar da na bata labari tace, "Kai yanzu duk wahalar da muka sha, ka je Turai kana yi wa Turawa aiki a banza? Ko sisi fa kace?" Ban ga laifinta ba, ita ta cire 'yan kunnenta saboda ni, tana da 'ya'ya da kuɗin makaranta. Nace Yaya kin tuna aikin gayya a ƙauyen su Umma, yau a taru a gonar wane gobe a taka, to haka ne, kwamfutar da nake kiranki da ita ma gumin wasu ne da ban san su ba. Kuma na faɗa mata abin da ban faɗa wa Turawan ba, cewa duk sanda na zauna zan fara sai na yi niyya in akwai lada a ciki Allah Ya kai wa Umma da Babanmu da ƙaninmu. Ban samu na yi musu komai da kuɗi ba suna raye. Tayi shiru sannan tace Allah Ya karɓa, amma dai kar in manta da kuɗin makarantar yara, nace in sha Allah ba zan manta ba, kuma ban taɓa fashi ba.

Ba zan ce muku abin ya mayar da ni mai kuɗi ba, har yanzu ina sito, sai dai na koma aikin rana a ɓangaren shigar da bayanan kaya a kwamfuta, bayana ya huta. Gyaran da ake min kullum ya gyara min rubutu fiye da kowane aji, da shi na ci jarrabawar yare ta matakin B1 wadda tun ƙarshen 2018 sai da ita ake neman zama ɗan ƙasa. Wani lokaci ana kirana tafinta a asibiti ko wajen lauya in an samu mai jin Hausa da bai iya yaren ba, 'yan Nijar da 'yan Ghana da namu na Najeriya, in na ga yaro sabon zuwa yana zaune ya ƙura wa bango ido nakan san inda yake, sai in ja shi gefe in ce masa ƙanina ka shiga ajin nan ko da ba ka da niyyar zama, jiran zai yi tsawo fiye da yadda aka faɗa maka. Na samu na je gida sau ɗaya, na ziyarci kabarin Umma, na saya wa yayata 'yan kunne. Mafarkin teku bai daina zuwa ba amma ya ragu.

Abin da ke damuna yanzu daban ne. Duk manhajar da na buɗe jerin harsunanta sai in ga Italiyanci ya kusa cika ko ya cika, in gangara in nemi Hausa, ko dai babu ita sam ko kuma an fara an watsar, alhali mu miliyoyi ne daga Kano har Agadas har Kumasi har Sudan. Italiyawa ba wani ne ya zo ya yi musu ba, su suka zauna shekara da shekaru suka yi, suka yi gardama a kan kalmomi har suka daidaita. Na fara bada muryata a Common Voice na Mozilla wanda ke tattara muryoyin mutane har da na Hausa, kuma na buɗe sashen Hausa a ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da nake fassarawa. Wahalar ita ce a Italiyanci ina da masu duba min, a Hausa ni ke rubutawa ni ke dubawa, kuma Hausata ta Jos ce, akwai wuraren da na san Bakano ko Basakkwace ko ɗan Damagaram zai kawo abin da ya fi nawa. Duk wanda ke jin Turanci ko Faransanci da Hausa kuma yana da waya mai intanet zai iya, ba sai ya iya rubuta manhaja ba, a waya ma ana yi, jimla biyar a rana ma aiki ne. Mai duba min nake nema ko da mutum ɗaya ne, musamman cikin malaman Hausa da ɗalibanta waɗanda suka san ƙa'idar rubutu fiye da ni.